SAWU A JIKIN ƊAN'ADAM: TARIHIN WATA KALMAR LATIN DA NEMAN TAKWARARTA A HAUSA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta ilmin halittu a makarantun sakandare na Lafiya ko Keffi ko Akwanga, ya taɓa cin karo da kalmar nan ta Ingilishi, vestigial, wadda ake siffanta wasu gaɓoɓin jiki da ita. Idan aka zo yi wa ɗalibi bayani da Hausa, abin da aka fi gaya masa shi ne, wai ana nufin gaɓa marar amfani. Manufar wannan maƙala ita ce mu nuna cewa wannan fassara ta kauce wa asalin kalmar, kuma kaucewar ba ƙarama ba ce, domin abin da mutum ya ɗauka banza ne, ba ya jin ciwon yanke shi ya yar. Za mu bi kalmar zuwa tushenta a harshen Latin, mu ga yadda ta shiga bakin masana, sa'annan mu dawo gida mu nemi kalmar Hausa da za ta iya ɗaukar nauyinta.

Tushen Kalmar

A harshen Latin, wato harshen Rumawan dā, akwai kalmar vestigium. Ma'anarta ta farko ita ce sawu, wato shaidar da ƙafa ke bari a ƙasa. Sukan kuma kira tafin ƙafar kansa da ita. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa, ta game duk wata alama da abu ya bari bayan ya wuce, kamar ragowar bango a kufai. Tana da 'yar'uwa a cikin aikatau, vestigare, wato bin sawu. Daga wannan aikatau ne Ingilishi ya sami investigate, kalmar da muke fassarawa da bincike. Abin sha'awa a nan shi ne, Bahaushe ma da ƙafa ya auna bincike, domin idan ya ce zai bi diddigin magana, ai diddige ya ambata. Barume da Bahaushe ba su yi shawara ba, amma tunaninsu ya zo ɗaya: mai neman gaskiya maharbi ne, kansa sunkuye, yana karanta ƙasa.

Kalmar ta ratsa ta Faransanci ta shiga Ingilishi a matsayin vestige, kuma a ƙarni na 19 aka ƙera mata siffa, vestigial. Mu lura da kyau, babu inda rashin amfani ya fito a cikin wannan tushe. Sawu ba ya cewa komai game da amfani. Abin da yake faɗa shi ne, wani abu ya bi ta nan.

Dalilin da ya sa likita a Lafiya yake kiran gaɓoɓi da harshen da babu al'ummar da ke goyon 'ya'yanta da shi a yau, tarihi ne mai tsawo. Jalinusu, likitan nan Bagirke na ƙarni na 2, da Girkanci ya yi rubutu. A ƙarni na 9 Hunainu ɗan Is'haƙu da almajiransa suka juya littattafansa zuwa Larabci a Bagadaza. Ibn Sina ya gina a kansu ya rubuta Alƙanun, wanda Jirad mutumin Kiremona ya juya zuwa Latin a birnin Toledo na Andalus a ƙarni na 12. A 1543 Andiriyas Besaliyus, malami a Jami'ar Paduwa ta Italiya, ya buga babban littafinsa na ƙirar jikin mutum da Latin. Sunaye suka yi ta yawa, kowane malami da nasa, har sai da masana suka taru a birnin Basel a 1895 suka rage su daga wajen 50,000 zuwa kimanin 5,500. Jerin da aka fitar a 1998 ma bai bar Latin ba. Sawun giwa ke nan ya taka na raƙumi.

Yadda Masana Suka Ɗauki Kalmar

Tun kafin a sami suna, an ga abin. Aristotal ya lura cewa wata 'yar dabba mai zama a ƙarƙashin ƙasa tana da idanu a rufe cikin fata, ga ido amma babu gani. A 1809 Lamark, Bafaranshe, ya kawo irin wannan misali a littafinsa. A 1844 aka buga wani littafi a Landan ba tare da sunan marubuci ba, wanda kalmar Vestiges ce farkon sunansa, ya kuwa tayar da ƙura a Ingila. Sai a 1884 aka bayyana a fili cewa Robert Chambers, wani mai buga littattafai a Edinbara, shi ne ya rubuta.

Shi Darwin, a littafinsa na 1859, wata kalma dabam ya fi amfani da ita, wato rudimentary, ita ma daga Latin, daga rudis, abin da ke ɗanye, wanda ba a gama sarrafawa ba. Daga baya aka ga cewa wannan kalma ta fi dacewa da abin da ke tasowa, ita kuwa vestigial ta fi dacewa da abin da ya ja baya. Sai dai akwai wani kwatance da Darwin ya yi wanda ya kamata ya ja hankalin ɗalibin harshe. Ya kamanta irin waɗannan gaɓoɓi da haruffan da ake rubutawa a cikin kalma alhali ba a furta su, amma mai nazari yakan gane asalin kalmar ta hanyarsu.

Ma'anar da masana ilmin halittu suka tsaya a kai a yau ita ce: gaɓar da ta ragu, ta bar duka ko akasarin babban aikin da takwararta ke yi a jikin wasu halittu masu dangantaka, ko da kuwa tana yin wani aiki dabam. Su masanan suna ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa halittu sun sassauya daga tushe guda, kuma a kan haka ilmin nasu ya ginu. Malaman addini da yawa ba su yarda da wannan ba game da asalin ɗan'adam. Wannan mujalla ba fagen wannan muhawara ba ce. Amma kowane ɓangare mutum yake, wajibi ne ya san abin da kalmar ke nufi kafin ya karɓa ko ya ƙi.

Misalai Daga Dajinmu da Koginmu

Ba sai mun je Turai neman misali ba. Maharbin da ya taɓa feɗe mesa ya san tana da wasu 'yan ƙumbuna guda biyu kusa da gindin wutsiya, ɗaya a kowane gefe, kuma a cikin nama akwai 'yan ƙasusuwa da ke riƙe da su, daidai inda ƙafafun baya suke a jikin damo ko guza. Mesa ba ta tafiya da su, amma namiji yana amfani da su lokacin barbara. Ayu, wanda masuntan Binuwai suka sani, ba shi da ƙafafun baya, amma akwai 'yan ƙasusuwan ƙugu a nutse cikin tsokarsa, kuma akwai farata a bakin hannuwansa na iyo. Jimina tana da fukafukai ba ta tashi, amma da su take daidaita jiki in tana gudu, da su take yi wa 'ya'yanta inuwa, da su namiji yake rawar neman mace. Mahauci kuma kullum yana ganin ƙananan kofatai biyu a bayan ƙafar akuya da saniya, waɗanda ba sa taɓa ƙasa in dabbar na tsaye a kan tsandauri.

A jikin mutum ma akwai su. Idan tsoro ko sanyi ya kama mu mukan ce tsigar jikinmu ta tashi. Wasu ƙananan tsokoki ne a gindin kowane gashi suke ɗaga shi, Latin na kiran su arrector pili, wato mai miƙar da gashi. A jikin kyanwa wannan yana kumbura ta, ta ƙara girma a idon kare, kuma yana tare mata ɗumi. Mu kuwa gashin bai kai ya yi haka ba. Akwai tsokoki kewaye da kunnenmu irin waɗanda jaki ke juya kunne da su, amma kaɗan daga cikinmu ne ke iya motsa kunne. A kusurwar ido ta wajen hanci akwai wata 'yar fata mai siffar jinjirin wata, plica semilunaris, wato ninki mai kama da rabin wata. Takwararta ce kaza ke ja ta rufe ido daga gefe. A wurinmu ba ta rufe ido, amma tana taimaka masa wajen juyawa da tafiyar da hawaye.

Sai ƙashin nan na ƙarshen gadon baya, wanda mutum ke jin zafinsa in ya faɗi zaune. Sunansa coccyx Latin ya aro daga Girkanci, sunan wani tsuntsu ne dangin ragon-maza, domin an ga ƙashin ya yi kama da bakinsa. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 3 zuwa 5, galibi 4, a haɗe. Tsokoki da jijiyoyin da ke riƙe da ƙasan ƙugu a jikinsa suke kama, kuma yana ɗaukar wani kaso na nauyin mai zama. Almajiran hadisi sun san wannan ƙashi da sunan ajbuz zanabi, wato tushen wutsiya, domin ya zo a Buhari da Muslim cewa daga gare shi za a sake haɗa mutum ranar tashi. Ashe ƙashin da ake gaya wa ɗalibi banza ne, yana da aiki a wurin likita, yana da daraja a wurin malami.

Labarin Afendis

Babu gaɓar da aka fi yi wa ƙazafin rashin amfani kamar afendis. Cikakken sunanta appendix vermiformis: kalmar farko daga appendere, rataya, ta biyu daga vermis, tsutsa, da forma, siffa. Wato abin da ke rataye mai siffar tsutsa. Wani ɗan reshe ne mai tsawon kimanin santimita 9, a mafarin babban hanji, ta gefen dama na mara. Shi wannan mafari sunansa caecum, wato makaho, domin hanya ce da ba ta ɓulle ba. A cikin doki da zomo makahon hanjin nan babba ne, a nan ake narkar da ciyawa.

Berengariyo, likita a Bolonya ta Italiya, ya bayyana afendis a rubuce a 1521. A 1735 Kalaudiyus Amiyan ya cire ta daga jikin wani yaro ɗan shekara 11 a wani asibitin Landan, yaron kuma ya rayu. A 1886 Reginald Fitz na Jami'ar Harbad ta Amurka ya tabbatar da cewa kumburinta ne sanadin wani ciwon ciki da ke kashe mutane, ya ba da shawarar a riƙa yin aiki da wuri. A watan Yuni na 1902, saura kwana biyu a naɗa Sarkin Ingila Edward na Bakwai, wannan ciwo ya kwantar da shi, aka yi masa aiki, aka ɗage naɗin zuwa 9 ga Agusta. A cikin wannan shekara ce, a watan Oktoba, Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni ya nufi Kano, abin da Lugga ya riƙe hujja ya kai wa Kano yaƙi a 1903. Sarkin da ake cin ƙasarmu da sunansa, saura ƙiris ɗan reshen hanji ya hana shi ganin ranar naɗinsa.

Darwin, a littafinsa na 1871, ya ɗauki afendis a matsayin ragowar babban makahon hanji. Bincike na baya ya nuna ba a nan zancen ya ƙare ba. An gano bangonta cike yake da ƙwayoyin garkuwar jiki. A 2007 wasu masana a Jami'ar Duke ta Amurka suka kawo ra'ayin cewa ma'ajiya ce ta ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke sake cika hanji bayan gudawa mai tsanani ta wanke shi, kamar dai irin shuka da manomi ke ɓoyewa a rumbu. Wannan ba ya nufin a ƙi yin aiki in ta kumbura. Afendis da ta ruɓe tana iya fashewa ta kashe mutum, kuma wanda aka cire wa yana rayuwarsa lafiya lau. Abin da muke cewa shi ne, iya rayuwa ba tare da abu ba dabam, rashin amfaninsa dabam. Mai yatsu tara ma yana noma.

Rashin Sani Ya Fi Dare Duhu

A 1893 wani masani Bajamushe, Robert Wiedersheim, ya jera gaɓoɓi 86 na jikin mutum da ya ce sun ja baya. A cikin jerin har da wasu ƙullutai uku da ba a san aikinsu sosai ba a lokacin. Na farko, wanda ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daga baya aka gane shi ne ke ba sauran ƙullutan jiki umurni, yana da hannu a girma da haihuwa da zuwan nono. Na biyu, a tsakiyar ƙwaƙwalwa, shi ke fitar da sinadarin melatonin mai daidaita barci, wanda aka gano a 1958. Na uku, a bayan ƙashin ƙirji, sai a 1961 Jacques Miller ya nuna a Landan cewa ginshiƙi ne na garkuwar jiki. Kafin wannan lokaci, likitoci a Amurka sun shafe shekaru suna haska wa jarirai hasken eksire a ƙirji don su ƙanƙantar da wannan ƙullutu, bisa zaton ya yi girma da yawa, alhali girmansa ke nan a jikin jariri. Daga 1950 aka fara ganin cewa sankarar maƙogwaro ta fi yawa a cikin irin waɗannan yara.

Kada mu yi wa Bature dariya, domin muna da namu. Har yanzu a garuruwa da ƙauyuka da dama ana kiran wanzami ya cire wa jariri beli a kwanakinsa na farko, bisa imanin cewa in an bar shi zai hana tsotso ko ya toshe maƙoshi. Sunansa a Latin uvula, wato ɗan ƙaramin inabi. Yana taimakawa wajen rufe hanyar hanci lokacin haɗiya, yana kuma jiƙa maƙoshi. Likitoci sun daɗe suna gargaɗi cewa yanke shi kan jawo zubar jini, da ruɓewar rauni, da cutar sarƙe-haƙora in ƙarfen ba shi da tsabta. Likitan Amurka da wanzaminmu tarko ɗaya ya kama su: ba mu san aikinsa ba, saboda haka ba shi da aiki. Malamin da ya koya wa ɗalibi cewa akwai gaɓoɓin banza a jiki, wannan tarkon yake ƙara ɗanawa.

Sawu a Harshe da Gari

Kwatancen Darwin na haruffa ya fi sauƙin ganewa ga mai nazarin Hausa. Muna cewa ɓauna, amma jam'inta ɓakane. Muna cewa Buzu, jam'i Bugaje. Muna cewa juji, jam'i jibaje. Daga talaka muka sami talauci. Daga ina waɗannan baƙaƙe na k da g da b suka fito? August Klingenheben ya nuna a ƙarshen shekarun 1920 cewa asali suna cikin tilon ma, sai suka raunana saboda sun faɗo a ƙarshen gaɓar kalma, jam'i kuwa ya adana su. Kalmar kuɗi kanta jam'in wuri ce, ga shi an daina ciniki da wuri tun zamanin kakanni. Naira ta maye gurbin fam a 1973, amma matalauci har gobe yana rantsuwa ba shi da ko sisi, ko anini. Waɗannan kalmomi sun bar aikinsu na farko, sun kama wani.

Latin ɗin ma ya bar sawu a bakinmu. Takarda ta iso mu ta hannun Buzaye, tushenta charta. Dinari ya biyo ta Larabci daga denarius, kuɗin Rumawa. Satumba da Oktoba da Nuwamba da Disamba ma'anarsu ta bakwai da ta takwas da ta tara da ta goma, alhali su ne watanni na 9 zuwa na 12, domin tsohuwar shekarar Rumawa daga Maris take farawa.

Garin Lafiya kansa misali ne. Tarihi ya nuna Muhammadu Dunama ne ya kafa shi wajen ƙarshen ƙarni na 18, shi da jama'arsa 'yan asalin Barno, shi ya sa ake ce masa Lafiyar Barebari. Yau Hausa ce harshen kasuwa da titi a garin, wanda ya zama babban birnin Jihar Nasarawa a 1996. Amma sunan Dunama suna ne na sarakunan Barno irin su Mai Dunama Dabalemi na ƙarni na 13. Haka sarautun Galadima da Ciroma da Yarima da ake ji a fadojin ƙasar Hausa, daga Barno aka aro su. Wa zai ce waɗannan sunaye banza ne? Da su ne gari ke gane inda ya fito.

Kammalawa

Saura mu zaɓi kalma. Tun daga Hukumar Harshen Hausa ta 1955 zuwa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace aka buga a 1990, ƙa'idar masu ƙirƙirar kalma ita ce a fara duba rumbun gida kafin a tafi aro. Kufai bai dace ba, domin kufai babu mai rai a cikinsa, waɗannan gaɓoɓi kuwa jini na gudana a cikinsu. Ɓurɓushi yana nuna abin da ya farfashe. Sawu shi ne fassarar vestigium kai tsaye, kuma da shi ya kamata a bayyana wa ɗalibi asalin kalmar, sai dai sawu alama ce kawai, ba yanki ne na ƙafar da ta taka ba.

Kalmar da muke ganin ta fi cancanta ita ce gyauro. Manomi ya san gyauro: tsiron da ya fito da kansa daga ƙwayar da ta zube a bara. Yana da rai, jinsin amfanin bara ne, bai kai shi yawa ba, yana shaida abin da aka taɓa shukawa a gonar, kuma sau da yawa akan ci moriyarsa. Idan malami ya ce wa ɗalibi afendis gyauron gaɓa ce, ya gaya masa cewa tana da tarihi, bai kuwa yanke mata hukuncin banza ba. Muna miƙa wannan shawara ga malaman kimiyya da likitoci da abokan aikinmu na sashen Hausa, su auna ta a aji da asibiti, su gani ko za ta zauna a bakin jama'a, domin masu magana ne ke naɗa kalma, mu namu kawo sunan ɗan takara ne.